Dokar da ta rufe kasuwar tattasai, ita za ta iya buɗe ta

'Yan'uwa na rassan kasuwanni, ku saurara.

Duk wanda ya san bakin Komadugu, daga Geskeru har Boso, ya san tattasai shi ne kuɗin talaka. A dasa shi, a ba shi ruwa da inji, a shanya shi ja wur a rana, fatake su kwashe zuwa Damasak da Maiduguri. Ba banza ake ce masa jan zinariya ba.

A watan Fabrairu na 2015, bayan Boko Haram sun far wa Boso da Difa, Hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana su a Tabkin Cadi, aka hana fataucin tattasai, aka ƙuntata takin zamani da mai, wai don a toshe wa maƙiya hanyar kuɗi. Ba mu ce babu dalili ba. Amma wa ya ji jiki? Manomin da buhunansa suka ruɓe a ɗaki. Ba a saki tattasai ba sai 2017, kifi kuwa sai 2019. A watan Yuni na 2021 dubban mutanen Barwa suka koma garinsu bayan shekara shida suna gudun hijira. Komawa gida daban, samun abin sayarwa daban.

To, darasin da muka ɗauka shi ne takarda ɗaya mai hatimi ta isa ta tsai da arzikin kwari ɗungum. In haka ne, ashe takarda ɗaya tana iya tashe shi.

Ku dubi Galmi. A 2021 aka rubuta albasar Galmi da kilishin Nijar cikin littafin hukumar OAPI, watau ba mai sa wa kayansa sunan nan sai in can suka fito. Me ya hana a nema wa tattasan Difa wannan gata? Yanzu da ya ƙetare iyaka sunansa ya ɓace, ribar sunan ta shiga aljihun wani.

Sa'an nan maganar buhu, wadda ta fi ci mana rai. Dillali ya zo da buhunsa mai ciki kamar rumbu, ya danna, ya tattaka, ya ɗinka masa hula, ya biya kuɗin buhu ɗaya. Manomi kuwa bashin taki ya shaƙe shi, ba shi da bakin musu. A kafa doka, a sa sikeli a kowace kasuwa, a riƙa ciniki da kilo. A buɗe ɗakunan ajiya inda manomi zai jinginar da buhunsa ya karɓi rance, ya jira kasuwa ta tashi. Haraji kuma a biya shi sau ɗaya, da takardar shaida ɗaya, kada kowane shinge ya zama kasuwar kansa.

Matasan da suke so su kafa injin niƙa, su ɗura garin tattasai cikin leda mai suna Difa, a ɗauke musu patanti na shekarun farko. In an niƙa a gida, ladan niƙa ya zauna a gida.

Kowane reshe ya karanta wannan ran kasuwa. Magatakarda ya auna buhu goma, ya rubuta nauyin kowanne da kuɗin da aka biya, ya aiko mana kafin a fara shanya ta bana.