Kada Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Yaro Baki

Yau zancenmu a kan yaron da ya kai shekara 2 bai fara magana ba.

In uwa ta nuna damuwa, akan ce mata, "Ke dai yi haƙuri, nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi." Gaskiya ne yara sun bambanta, kuma da yawansu sukan kamo 'yan uwansu daga baya. Amma ni a ganina zaman jira ba dabara ba ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yawancin yara sukan faɗi kalmar farko wajen shekara 1. In sun cika shekara 2 kuwa, sukan san kalmomi kamar 50, har su haɗa biyu, kamar "Baba zo."

To, daga ina yaro ke samun kalmomin nan? Daga bakin mai renonsa. Nan ne nake da ƙorafi a kan kunyar ɗan fari. Alkunya ado ce ga mace, ban musa ba. Amma uwar da ke wuni da yaro a bayanta, ba ta kiran sunansa, ba ta tanka masa don kada surukai su ce ta yi rashin ta ido, ta rage masa abin da ya fi bukata. In sunan ne ba ki iya faɗi, ai akwai laƙabi.

Ba sai kin ware lokaci ba. Kina tuƙa tuwo, gaya masa abin da kike yi. In ya nuna randa, kada ki miƙa masa moɗa shiru. Ki ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa," sa'an nan ki dakata kaɗan ya gwada. In ya ce "mota," ki ƙara masa, "I, mota ta tafi." In ya karya kalma, kada a yi masa dariya, a maimaita masa daidai kawai.

Ku kuma 'yan makaranta masu goyon ƙanne, ku riƙa yi musu waƙa da tatsuniya, ku nuna musu hotunan littafi kuna faɗin sunayensu. Kada ku bar su da waya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, domin na'ura ba ta amsa wa yaro.

Abu na ƙarshe, kunne. Yaron da ba ya ji sosai ba zai yi magana sosai ba. Ƙyanda, sanƙarau da ciwon kunne mai zubar da mugunya duk suna iya rage ji. In kina kiransa ba ya waiwayowa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi asibiti a auna kunnensa. Kada a fara da wanzami a ce a yanke ƙarƙashin harshe. Ki lallashi maigida ku tafi tare, tun kafin yaro ya shiga makaranta a ce masa daƙiƙi alhali ji ne ba ya yi.

Allah ya raya mana zuriya, amin.