Zumunci Ne Ko Katsalandan?

Ranar 31 ga Janairun 2019, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, jama'ar Kano suka ga abin da ba su saba gani ba. Gwamnan Maraɗi da na Damagaram sun tsallako iyaka, sun hau mumbarin yaƙin neman zaɓen Shugaba Muhammadu Buhari. Jam'iyyar PDP ta yi ca, ta ce wannan tsoma baki ne a cikin zaɓen Nijeriya. Masu mulki kuwa ko a jikinsu. Ba a yi mako guda ba, sai ga Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, a gidan talabijin yana gargaɗin cewa duk baƙon da ya sa baki a zaɓen, gawarsa za a mayar gida. Ashe dai baƙo iri biyu ne: wanda ya zo ya ɗaga hannunka ɗan'uwa ne, wanda ya zo ya ga aibinka shi ne mai katsalandan. Laifi tudu ne.

Wannan hali ba sabo ba ne. A 1998 Janar Sani Abacha ya tura sojojin Nijeriya ƙarƙashin ECOMOG suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo, wai don kare zaɓen jama'a, alhali a gida wanda ake ganin ya ci zaɓen 1993, Mashood Abiola, yana tsare. A daidai lokacin kuma Abacha na ɗasawa da Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda shi ma da bakin bindiga ya karɓi mulkin Nijar a Janairun 1996. Ga mahukunta, ƙa'ida riga ce: a sa ta in za a fita, a tuɓe ta in an dawo.

To, amma babban darasi ya zo a 2023. Ranar 26 ga Yuli dogarawan fadar Yamai ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka tsare Shugaba Muhammad Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta zauna a Abuja ta ba sojojin wa'adin mako guda, ko su mayar da Bazoum ko a far masu da yaƙi. Aka rufe iyaka. Aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha. Faransa, wadda ke da sojoji kimanin 1,500 a can, ta fito fili tana goyon bayan matakin.

Tambaya a nan ita ce, wa ya ji a jikinsa? Janar-janar ba su kwana cikin duhu ba. Mara lafiya a asibitin Yamai da Dosso shi ya kwana cikin duhu. Direban da motarsa ta maƙale a Jibiya da Illela da Maigatari da Kwangwalam, kayansa suna lalacewa a rana, shi ya yi asara. Ɗan kasuwar Kwari da na Dawanau da ke jiran abokan cinikinsa daga Maraɗi shi ya wuni yana hamma. Wata bakwai aka yi a haka, sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. Bazoum bai koma kujera ba. Abin da aka samu kawai shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa nasu ƙawancen, suka fice daga ECOWAS baki ɗaya ranar 29 ga Janairun 2025. A Disambar 2024 kuwa Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, Abuja ta ƙaryata. Ga inda barazana ta kai 'yan'uwa biyu.

Wanda duk ya hau Goron Dutse ya dubi birni zai gane abin da masu zaman Abuja suka manta. A cikin ganuwar nan akwai unguwar Agadasawa, sunanta kaɗai shaida ne. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadi ne. Layin da ya raba Daura da Magarya, Ingila da Faransa suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasar ba. Iyaka ce mai tsawon kilomita kimanin 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Barno, ta ratsa gonaki da dangi da auratayya. Harsashin da aka harba a can, a nan za a yi zaman makokinsa.

Shi ya sa jama'a suka ƙi. An yi zanga-zanga a Kano. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi ranar 5 ga Agustan 2023. Kuma a lokacin da Tchiani ya ƙi ganin tawagar farko ta ECOWAS ido da ido, ƙofar ta buɗe ne ga Muhammadu Sanusi II, sannan ga ayarin malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau. Abin da wa'adi ya kasa, mutunci ya yi shi.

Wannan ba wanke sojojin Nijar ba ne. Tsare mutum ba tare da shari'a ba zalunci ne, ko wane ne ya yi shi. Korar sojojin Faransa a 2023 da na Amurka a 2024 ba za ta zama 'yanci ba idan an maye gurbinsu da wani ubangidan daga Rasha. Haka nan hana fitar da dabbobi da Yamai ta yi gab da Babbar Sallar 2025 ya cuci makiyayinta kamar yadda ya cuci mai neman ragon layya a Kano.

Maƙwabci yana da haƙƙi, kuma haƙƙin nan bai haɗa da naɗa masa shugaba ba. Gwamnan da ke son zumunci da Maraɗi da Damagaram, to ya gyara hanya, ya hana karɓar na goro a shingaye, ya matsa a kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, a haɗa hannu kan ɓarayin daji da ke kai-komo tsakanin Zamfara da Katsina da Maraɗi. Amma ranar zaɓe kowa ya zauna gidansa. Malamai da sarakuna da 'yan kasuwa kuma kada su jira sai an buga gangar yaƙi sannan su yi magana, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Allah Ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya.