Gobe War Haka Na Isa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, tun ba waɗanda suka ɗauki Faransanci ba. Maganar kuwa a kan wani lokaci ne na aikatau wanda Faransawa ke kira futur antérieur, watau aikin da ba a yi ba tukuna, amma kafin wani lokaci mai zuwa ya riga ya ƙare. Da yawa cikinmu muna ganinsa kamar dodo, muna haddace shi domin jarrabawa kurum. Ni kuwa a ganina dodon nan ɗan gida ne. Yaran da za mu koyar suna amfani da shi kullum cikin Hausarsu, saboda haka ya kamata mu bi da su ta Hausa zuwa gare shi, mu bar kewayawa ta Ingilishi.

Ni mutumin Kasuwan Magani ne, cikin ƙasar Kajuru, bisa hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Kachia. Ran kasuwa akan taru, Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani, kowa da harshensa na gida, amma da Hausa ake ciniki. Ku kasa kunne ga irin abin da ake faɗi can. Direba ya ce, "Gobe war haka na isa Kano." Mai hatsi ta ce, "Kafin rana ta faɗi na sayar da dawar nan duka." Ku duba da kyau. Direban nan bai ko tashi ba, amma ya ce "na isa", bai ce "zan isa" ba. Ya kai kansa gobe, ya waiwayo, ya ga tafiya ta ƙare. To, wannan shi ne futur antérieur, ba ragi ba ƙari. Da Faransanci direba zai ce, "Demain à cette heure-ci, je serai arrivé à Kano." Mai hatsi kuma ta ce, "Avant le coucher du soleil, j'aurai vendu tout ce sorgho."

Bambancin ɗaya ne. Hausa takan ɗauki shuɗaɗɗen lokaci, ta bar "gobe" ko "kafin" su nuna a gaba ne abin yake. Faransanci kuwa yakan haɗa kalmomi biyu, ta fari ta ɗauki "gobe", ta biyu ta ɗauki "an gama". Ta fari ita ce aikatau mai taimako, avoir ko être, cikin lokaci mai zuwa: j'aurai, tu auras, il aura, nous aurons, vous aurez, ils auront, ko kuwa je serai, tu seras, il sera, nous serons, vous serez, ils seront. Ta biyu ita ce participe passé, wadda yara suka riga suka sani tun sa'ad da suka koyi passé composé: parlé, fini, vendu. Yawancin aikatau da avoir suke tafiya. Waɗanda ke ɗaukar être kaɗan ne, kamar su aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, rester, tomber, naître, mourir, da masu "se" a gabansu irin su se lever. Tare da être lalle ƙarshen kalma ya bi mai aikin: il sera parti, elle sera partie, ils seront partis. In za a kore magana, sai "ne" da "pas" su sa mai taimako a tsakiya. "Je n'aurai pas fini" shi ne "ban gama ba" na mai cewa, "Gobe war haka ban gama ba tukuna." Ginin ke nan duka.

A wata makaranta inda na yi gwajin koyarwa na ga yadda akan ba da wannan darasi. Aka cika allo da jerin kalmomi, aka fassara kowane layi da Ingilishi, aka ce yara su maimaita da ƙarfi. Suka maimaita har muryoyinsu suka dushe. Amma yaron da Ingilishinsa bai zauna ba, wanda bai taɓa yin irin wannan jimla da Ingilishi ba ko sau ɗaya, yaya za a yi ya gane baƙo ta bakin wani baƙo? Washegari ba wanda ya iya haɗa jimla tasa ta kansa. Ba laifin yaran ba ne. Kakanninmu a Kwoi da Kagoro da Hausa suka fara koyon karatu a makarantun mishan, sa'an nan suka shiga Ingilishi. An ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kada wani ya ce wannan wasan 'yan nahawu ne. A ce dillalin citta a Kachia ya sami takarda daga mai saye a Kwatano. In takarda ta ce, "Je vous paierai quand vous aurez livré les sacs," ma'ana, zan biya ku in kun kawo buhunan: kaya tukuna, kuɗi daga baya. In kuwa ta ce, "J'aurai payé quand vous livrerez les sacs," ma'ana, kafin ku kawo buhunan na riga na biya: kuɗi tukuna, kaya daga baya. Kusan kalmomi iri ɗaya ne, amma wanda futur antérieur ya faɗa a kansa shi ne mai fara cika alkawari. Yaron da muka koyar, in ya zama magatakardan dillalin nan bai kuwa san wannan ba, ai sai ya jawo wa maigidansa hasara.

Ban ce Hausa za ta yi mana aikin duka ba. Akwai wuri ɗaya da take iya ruɗe yaro, dole malami ya tsaya a kai. Mu "in" ɗaya gare mu, mukan ce, "In ka gama, ka fita," ko mun tabbata zai gama ko ba mu tabbata ba. Faransanci ya raba su biyu. In abin tabbas ne, lokaci kawai ake jira, sai a sa quand, lorsque ko dès que, futur antérieur ya biyo: "Quand tu auras fini, tu sortiras." In kuwa sharaɗi ne, sai a sa si, kuma si na sharaɗi ba ya karɓar lokaci mai zuwa ko kaɗan: "Si tu as fini, tu peux sortir." Dabarar kuma cikin Hausa take. A ce yaro ya gwada. In "da zarar" ta shiga wurin "in", quand ne ko dès que. In "in har" ce ta shiga, si ne. Akwai kuma wani amfani da manya za su tarar cikin littattafai, na zato. Mutum bai zo ba, a ce, "Il aura oublié," watau, ina ji mantawa ya yi.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce Hausa ba harshen uwa ba ce ga yawancin yaran kudancin Kaduna. Gaskiya ne, malamin da ya iya Adara ko Jju ko Tyap, ajinsa kuwa duka masu ji ne, ya nemi misali cikin wannan harshe, ya fi. Amma ajin da ya haɗa kabila huɗu ko biyar, Hausa ce kowa ke ji. Waɗansu kuma za su ce a ajin Faransanci kada a ji kome sai Faransanci. Ni ban roƙa wa Hausa darasi duka ba, minti biyar na farko kawai, sauran lokaci a yi ta gwaji da Faransanci.

Akwai ma masu cewa Faransanci ya tasam ma mutuwa a maƙwabtanmu. Hakika a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Benin da Cadi da Kamaru kuwa har yanzu da shi ake aikin hukuma. Tun 1991 aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, a 1996 Janar Sani Abacha ya ce a ɗauke shi harshen hukuma na biyu, tsarin ilmi na ƙasa na 1998 kuma ya rubuta haka. Doka dai an yi. Abin da ya rage shi ne a koyar yadda yaro zai gane.

Ga shawarata. Ran da za ka ba da wannan darasi, kada ka fara da jerin kalmomi. Ka ce yara su kawo jimla biyar irin ta gida, masu "kafin" da "war haka" da "da zarar". Ka rubuta su a hagun allo, ka sa Faransancinsu a dama, ka bar yara da kansu su gano aura da sera. Sa'an nan jerin ya zo daga ƙarshe, ya zama ma'aji, ba ƙofa ba.

'Yan'uwa, baɗi war haka da yawa cikinmu mun fita daga kwalejin nan, mun kama aji. Wanda ya gwada wannan hanya, ko ta yi ko ba ta yi ba, ya rubuto wa Edita mu ji, domin mu ƙaru da juna. Allah ya taimake mu bisa aikin nan.