A Gyara Aksul, Kada A Toshe Masa Baki

Jama'a, yau da masu tsofaffin motoci zan yi magana, musamman 'yan'uwanmu na Agege, Idi-Araba da Sabo ta Ibadan waɗanda har yanzu suke riƙe da Peugeot 504. Mota ce mai tarihi. Ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. To, amma ko dokin sukuwa in ya tsufa, ƙafa ce ke fara ba shi kunya. Ƙafar 504 kuwa ita ce aksul na baya.

A tsakiyar aksul akwai wata tukunyar ƙarfe. A cikinta ƙaramin haƙori yake karɓar ƙarfin inji daga furofela, ya juya babban faifai mai haƙora, faifan ya raba wa tayoyin baya. Akwai kuma wasu ƙananan haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana. Idan wurin nan ya ci, ba ya ɓoyewa. Za ka ji kuka kamar na iska, yana canza murya in ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Wani lokaci ka ji ƙwas in ka sa giya, ko ka ga mai yana ɗiga.

Abin da na sha gani shi ne, sai a ce wa mai mota a zuba masa giris ko mai kauri, kukan ya lafa. Lalle yakan lafa, amma ciwon yana nan yana ci. Ranar da boris ya ƙone, ko haƙori ya karye ya shiga tsakani, tayoyin baya suna iya cijewa kana cikin gudu. Wanda ya ɗebo iyali zai tafi Kano yin Sallah, tafiyar kusan kilomita 1,000, bai kamata ya yi wannan caca ba.

Wasu kuma su ce a tafi Ladipo a sayo na Beljiyam a ɗora. Ba na hanawa, amma kada a saya a rufe. A buɗe, a duba haƙoran, a ƙirga su, domin in lissafinsu ya saɓa da naka, gudun motarka da shan manta za su canza.

A ganina gyara ya fi, in an sami bakanike mai haƙuri. Ya juye man ya duba ko da garin ƙarfe a ciki. Ya canza boris da sil. In haƙoran sun ci, faifan da ƙaramin haƙorin tare ake canza su, don tare aka wasa su tun daga masana'anta. Sa'an nan ya shafa fenti a haƙoran, ya juya, ya ga inda suke haɗuwa, ya daidaita da siraran wasa. A ƙarshe ya zuba man giya mai lamba 90, ba baƙin man inji ba.

Na san kuɗi sun yi wuya, kuma wannan aiki yakan ci yini. Amma araha ba ta ado. Wanda bakanikensa ya ce masa cikin rabin awa zai gama, ya ɗauki makullinsa ya nemi wani. Allah Ya kai mu gida lafiya, amin.