Tseren Jiragen Tagwaye, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki

Na san wani zai ga kan maganar nan ya ce, me ya haɗa mutumin Tamale da tseren jirgin ruwa, mu da in rani ya yi nisa ko ruwan sha sai mun bi motar tanka? Ku yi haƙuri ku biyo ni, maganar za ta dawo gida.

Kwanan baya wata hidima ta kai ni Ada, inda Kogin Volta ke shiga teku. A nan na ga wasu jirage da suka tsayar da ni. Kamar an ɗauki siraran kwale-kwale biyu ne an jera, an haɗa su da ƙarafa biyu a gicciye, an shimfiɗa tamfol a tsakani, sannan aka kafa doguwar sanda mai ɗauke da babban ƙyalle. Babu inji, babu mai tuƙi da filafili, iska kaɗai ke kora su, amma gudu sai ka ce babur. Sunansu katamaran. Kalmar daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure wuri guda.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale. Siriri ya fi tsaga ruwa, amma shi ya fi saurin kifewa. Mai faɗi ya fi zama daram, amma nauyin jiki gare shi. Da aka haɗa sirara biyu sai aka sami gudun na farko da natsuwar na biyu. In iska ta yi ƙarfi har ɗayan ya ɗaga sama, sai matuƙan su rataye da igiyar ƙarfe su fita waje, su danne shi da nauyinsu.

To, su ma jiragen nan iri-iri ne, kuma kowane iri da rukuninsa na tsere. Uku zan kwatanta.

Na farko shi ne Tornado, wanda aka zana a Ingila a 1967. Tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa wajen ƙafa 10. Ya shiga wasannin Olimfik a 1976, ya daɗe ana yi masa kallon sarkin gudu, har zuwa 2008 da aka yi da shi na ƙarshe. Amma jirgi ne na ƙwararru da masu hali, kuma saboda faɗinsa sai an kwance shi ko an karkata shi kafin a ja shi a kan titi. Da aka fid da shi daga Olimfik sai kasuwarsa ta ja baya. Wanda ya gaje shi, Nacra 17, ya fara a Rio a 2016, da sharaɗin mace ɗaya namiji ɗaya a kowane jirgi. Abin sha'awa, wanda ya ci zinare a shekarar, Santiago Lange na Ajantina, yana da shekara 54, kuma ba a daɗe da yanke masa wani sashe na huhu ba saboda ciwon daji. Tsofaffinmu su ji wannan.

Na biyu shi ne Hobie 16, na wani Ba'amurke mai suna Hobie Alter a Kalifoniya, wanda ya fito wajen 1970. In gudu ake magana, Tornado zai bar shi a baya. Sai dai ana iya turo shi kan yashi a bakin ruwa ba abin da zai karye, mutum biyu sun ishe shi, kuma duk a kan siffa ɗaya ake yin sa. An ƙera fiye da dubu 100. Wanda ya sayi tsoho a hannun wani zai iya shiga tsere da mai sabo, kuma in ya fi shi sanin iska ya kayar da shi. Wannan ne ya yaɗa shi duniya, har gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma.

Na uku, wanda ya fi ba ni sha'awa, shi ne Formula 18, da aka ƙirƙiro a Faransa a farkon shekarun 1990. Su ba jirgi suka ƙera ba, doka suka rubuta. Suka ce kowane kamfani ya yi nasa yadda ya ga dama, muddin tsawon bai wuce mita 5.52 ba, faɗin bai wuce mita 2.60 ba, nauyin kuma bai gaza kilo 180 ba. Suka ƙayyade girman ƙyallen. Har nauyin matuƙa suka duba, ta yadda marasa jiki za su ƙara wa jirginsu nauyi ko su rage ƙyalle, don kada wani ya ce an cuce shi. Nan da nan kamfanoni irin su Hobie da Nacra suka shiga rige-rigen ƙera nasu, masu saye suka sami zaɓi, rukunin ya bunƙasa har ana yi masa gasar duniya. Dokar nauyin nan ita ce gishirin miyar, domin ta hana mai kuɗi zuwa ya yi jirgi shafal da kayan tsada ya kwashe kofi tun kafin a shiga ruwa.

Yanzu mu dawo gida. Daga Tamale zuwa Yapei, bakin Farin Volta, bai fi tafiyar awa guda a mota ba. Ga Buipe a kan Baƙin Volta, ga Yeji can ƙasa. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 muke da tafkin da ke cikin mafiya girma da ɗan Adam ya yi a duniya. Tseren kwale-kwale kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, akwai wasannin ruwa da ake kira Kabanci, tseren jirage na cikinsu. Yawuri na da Rigata. Nan Gana ma mutanen Elmina suna yin nasu a bikin Bakatue cikin watan Yuli. Gwanaye dai akwai su, har cikin zangunanmu na bakin ruwa.

Abin da ke kashe namu tun yana jariri na gan shi da idona. Wata shekara da Sallah, a wani gari na bakin kogi da ba zan ambata ba, samari suka shirya tsere. Wani jirgi mutum 12 ke tuƙa shi, wani 8. Wani sabo ne siriri da aka sassaƙa don ranar, wani kuwa na dakon itace ne da gawayi. Kafin a kai rabin hanya kowa ya san wanda zai ci. Aka tashi baram-baram, aka riƙe kyautar, shekarar da ta biyo babu wanda ya sake tayar da zancen.

Shawarata ga sarakunan ruwa, da shugabannin matasa, da attajiranmu masu son a ambace su da alheri, ita ce a fara da takarda guda kafin a nemi kofi. A rubuta tsawon jirgi da faɗinsa, da yawan matuƙa, da nisan da za a yi. A ɗauki awon daga irin kwale-kwalen da masunta ke aiki da shi kullum, don kada shiga tseren ya zama sai mai kuɗin sassaƙa sabo. Masassaƙi ya nuna gwanintarsa a cikin awon, kamar yadda kamfanonin can suka yi. A auna kowane jirgi da igiya ɗaya a gaban kowa, ranar jajibiri.

Sharaɗi ɗaya kuma ba na son a yi ciniki a kansa: babu mai shiga ruwa ba da rigar kariya ba. Tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma iyalai nawa ne a cikinmu suka yi zaman makoki saboda jirgi ya kife? Yaron da ya saba sa rigar ranar tsere, jama'a na yi masa tafi, ba zai ji kunyar sa ta ranar kasuwa ba.

Duk wanda ke zaune a Yapei, Buipe ko Yeji, ya taimaka ya auno mana tsawo da faɗin kwale-kwalen da aka fi amfani da shi a garinsu, ya aiko ta hannun edita. In awon ya taru za mu buga shi a nan, mu ga ko za a sami ma'auni ɗaya da zai ɗauke garuruwan uku. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.