Beli ga mai tarihin ta'addanci: ina dokar Ghana ta tsaya?

A Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya ci rayuka da yawa, ana yawan jin wannan ƙorafi: an kama mutum jiya, yau ga shi a kasuwa. Shi ya sa wasu ke kira da a hana beli ga duk wanda kotu ta taɓa samu da laifin zubar da jini.

Kafin mu amsa, mu san abin da doka ta ce. A da, sashe na 96(7) na dokar shari'ar laifuffuka ta 1960 ya haramta beli a laifuffuka irin su kisan kai, fashi da fyaɗe. A watan Mayun 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe, domin ya saɓa wa kundin tsarin mulki na 1992, wanda ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Saboda haka, duk dokar da za ta rufe ƙofar beli gaba ɗaya tana iya gamuwa da irin wannan hukunci.

Amma ba a ɗaure hannun alƙali ba. Sashe na 96(5) ya umarce shi da ya ƙi ba da beli idan ya gamsu cewa mutumin zai gudu, ko zai tsoma baki a kan shaidu, ko zai sake aikata laifi. A nan ne tsohon hukunci ke da amfani, idan mai gabatar da ƙara ya kawo shi gaban kotu.

Yendi ta koya mana inda matsalar take. An kashe Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002, amma a 2011 kotu ta sallami mutum 15 da aka gurfanar, saboda hujjojin ba su isa ba. Tsarewa ba ta maye gurbin bincike. Kuma wanda ya fi daɗewa a kurkuku yana jiran shari'a shi ne talaka marar lauya. Don rage cunkoson irin waɗannan ne aka fara shirin Justice for All a 2007.

To, 'yan'uwa a Salaga, Yendi da Bawku, akwai abin da ke hannunmu. Kada mu tsaya wa mutumin da muka san haɗari ne ga jama'a don kawai ɗan ƙabilarmu ne, domin tsayawa beli amana ce. Wanda ya ga laifi ya ba da shaida, shugabannin unguwa kuma su matsa wa hukuma ta kare shi. Alƙali ba ya hukunci da abin da ba a kawo gabansa ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.