Zauren Karatu: Inda ake neman takardar mutuwar aure

  Wanga wata zancenmu ba na taki ba ne, ba kuma na rigakafin bisashe ba. Zancen wata takarda ne wadda ba mai son ya buƙace ta. Ita ce takardar mutuwar aure. Wasu za su ce malam ya ɗauko zance maras daɗi. Gaskiya ne. Amma ku saurari abin da ya kawo shi.

Cikin masu karatu wurina akwai wata mata. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garinsu ba. Shekara huɗu da sunka wuce mijinta ya sake ta, ya tafi Libiya neman kuɗi. Mutum biyu sunka ji sakin. Ɗaya ya rasu. Ɗaya makiyayi ne, ya bi bisashensa arewa, ba a san inda ya yada zango ba. Ta gama idda tun tuni. Bana wani ya fito, anka sa rana, har an kai sadaki. Sai ga ƙanen tsohon mijin ya zo ya ce wansa bai saki ba, yaji ne ta yi. Liman ya ce shi ba ya ɗaura aure bisa aure. Ban ga laifin liman ba.

Uban matar ya ce ai tun wancan lokaci ya kai maganar kotu saboda abincin yara, kuma an ba shi takarda. Anka buɗe akwati. Gara ta riga mu. Abin da ya rage bai kai tafin hannu ba. Matar ta yi kuka, ta ce shi ke nan. Na ce mata ba shi ke nan ba. Takardar da anka ba ubanta ɗiya ce. Uwar tana can inda anka rubuta ta.

Wannan shi ne abu na farko da nake son kowa ya riƙe. Kotu ba ta ba mutum asalin hukunci. Asalin yana zama a biron magatakardar kotu, wanda ake ce ma girafiye. Shi ke ajiye rajista, shekara bisa shekara, kowace shari'a da lambarta da ranarta. Abin da kake zuwa gida da shi kwafi ne mai hatimi. In ya ɓace, ko ya ƙone, ko ruwa ya ci shi, ana iya fitar da wani daga uwar.

To, amma sai in uwar tana nan. Aure yana mutuwa ta hanyoyi dabam-dabam, kuma ba kowace hanya ke barin sawu ba.

In miji ya saki matarsa da baki cikin ɗaki, ko ya aiko ta salula, aure ya mutu ga addini, amma ba inda anka rubuta shi. Kada ka kashe kuɗin mota zuwa Dakoro neman takardar abin da ba a taɓa kaiwa can ba. Abin yi shi ne a je gaban alƙali da shaidu, shi tabbatar da sakin, shi ba da takarda. A nan ne kuma ake tsaida maganar yara, wa zai riƙe su, wa zai ci da su. Wasu malamai suna rubuta saki da ajami su ba mace. Ku adana wagga takarda, shaida ce mai amfani. Amma ba ta zama madadin ta kotu.

In maganar ta je fada, nan ma akwai sawu. Dokar sarautar gargajiya ta 13 ga Janairu 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane cikin al'amuran al'ada. Sarkin kanto, da sarkin makiyaya, da mai gari duk suna ciki. Doka ta ce su rubuta abin da anka yi, ko an shirya ko ba a shirya ba, su sa cikin rajista. Saboda haka in kun zauna a fadar Kornaka ko ta Birnin Lalle, ku fara tambayar magatakardan fada. Sai dai sarki mai sasantawa ne. In an kasa shiryawa, takardar da ya rubuta ita ce za ku riƙa zuwa kotu.

In kuwa mace ce ta nemi a raba auren, ko don duka, ko don rashin ci da sha, ko don miji ya yi nisan kiwo ba labari, ko ta yarda ta maida sadaki, alƙali ne ke yanke hukunci. Mu nan kotunmu tana garin Dakoro. Alƙali ba ya zama shi kaɗai ga irin wagga shari'a. Yana zama da mashawarta waɗanda sunka san al'adar masu shari'ar. Dalili kuwa, dokar ƙasarmu ta ce aure, da saki, da gado, ana yi musu hukunci bisa al'adar mutanen. Haka yake tun dokar 1962, haka kuma ya zauna cikin dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018. Wanda bai yarda da hukuncin Dakoro ba yana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu ta Maraɗi. In shari'arku ta kai can, to takardar ƙarshe tana Maraɗi. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Ku tambayi girafiye kwana nawa ne tun ranar da anka yanke, kada ku bari sai bayan kaka.

Ga wata doka da ba ta canzawa: inda anka yanke, can ake nema. Macen da anka raba aurenta a Tawa ko a Damagaram, ko da ta dawo gidan ubanta a Sabon Mashi, takardarta tana can. Ƴan uwanmu na Barmo su lura. Sai a shekarar 2011 Barmo ta fita daga gundumar Dakoro ta zama gunduma mai kanta. Shari'ar da ta girmi wannan shekara, a Dakoro za a fara nemanta. Waɗanda aurensu ya mutu a Katsina ko Kano lokacin ci-rani kuwa, sai sun koma kotun da ta yi aikin, can Najeriya.

Mu koma ga ɗalibata. Tafiyarmu ta farko ta banza ce, kuma laifinmu ne. Anka tambaye mu shekara, uban ya ce "an daɗe". Anka tambaye mu suna, ya faɗi sunan da ake kiranta da shi a gida. Rajista ba ta san "an daɗe" ba, kuma ba ta san laƙabi ba. Munka dawo da la'asar ba mu ƙulla kome ba, kuɗin mota sun tafi.

Da dare munka zauna munka yi lissafi. Na tambaye shi, kafin cutar korona ne ko bayanta? Ya ce bayanta, damina ɗaya. Korona ta shigo a 2020. To ga shekara ta fito. Wane lokaci? Ya ce ana cikin ɗaurin gero. To ga wata ya kusa fitowa. Kowa yana iya wanga lissafi. Tsofaffi sun san farin 1984, wanda ake ce ma El-Buhari. An san shekarar da anka karya darajar sefa, 1994. An san fara ta 2004 da yunwar 2005. Ka kama shekara guda da ka sani, ka ƙidaya damina gaba ko baya. Yaron da ke goye a lokacin ma ma'auni ne, in yana da takardar haihuwa.

Maganar suna ta fi wuya. Mu mutanen karkara kunya ta sa ba mu faɗin sunan yanka. Mace tana tsufa ana kiranta Laraba ko Delu, alhali ga rajista wani suna ne. Kuma ana rubuta sunaye da baƙaƙen Faransanci, har mai suna ya kasa gane nasa. Saboda haka ku tafi da sunan yanka na matar da na ubanta, da sunan yanka na mijin da na ubansa, da sunan garin da suke zaune a lokacin. Ku sa wanda ya iya ya rubuta muku su cikin kaye tun daga gida. Ku riƙa katin ɗan ƙasa. In akwai takardar aure, ku haɗa da ita. Ko guntun tsohuwar takarda kada ku yar. Cikin abin da gara ta bar mana, lamba biyu sun tsira a kusurwa, kuma su sunka gajarta mana aiki.

Tafiya ta biyu matar ta zo da kanta. Haka ya kamata. Takardar mutuwar aure sirrin masu ita ne. Matar, ko mijin, ko wanda sunka wakilta, ko magada in ana rabon gado, su ke da hujjar nema. Maƙwabci mai son jin ƙwaƙwaf ba shi da rabo. Anka duba rajistar shekarar, anka samu. Anka ce mu dawo bayan ƴan kwanaki. Akwai kuɗin tambur da na kwafi. Ku tambayi adadin tun farko a cikin biro, ku biya a cikin biro, ku karɓi resi. Kada ku ba kowa kuɗi a bakin ƙofa don ya ce ya san hanya. Wanda ba shi da hali kuwa, gwamnati ta kafa hukumar taimakon talaka ga harkar shari'a, ANAJJ, tun 2011, kuma tana da biro a babbar kotu ta Maraɗi.

Takardar da Faransanci take. Ɗalibata ba ta jin Faransanci, ni ma nawa bai taka kara ya karya ba. Amma ta sa yatsa ta karanta lamba, ta karanta rana da wata da shekara, ta gane sunanta da na ubanta. Watanni bakwai ke nan da fara karatunta. Sauran munka roƙi tafinta ya fassara mana tun ba mu bar wurin ba. Ku ma ku yi haka. In an yi kuskure ga suna ko ga shekara, gyara ya fi sauƙi kana tsaye gaban mai rajista.

Saura wuri guda, wanda yawancinmu muke mantawa, wato mairi. Dokar eta sibil ta 1 ga Yuli 2019 ba haihuwa da mutuwa da aure kaɗai ta ambata ba. Ta haɗa da saki da raba aure, kuma wa'adin kai bayani kwana 60 ne. Wanda ya fito kotu da takarda, shi wuce mairi da ita a rubuta. In ba haka ba, littafin mairi zai ci gaba da cewa da aure, alhali an rabu. Ranar rabon gado ake ganin illar wannan: ko matar da anka saki ta zo neman tumuni, ko a hana wadda ke da aure haƙƙinta da cewa an sake ta.

Maza, kada ku ce wanga zance na mata ne. Namijin da ba shi da takarda, shi ma ana iya kai ƙararsa a ce bai saki ba, a bi shi kuɗin ci da sha na shekaru.

Da ɗalibata ta karɓi takarda, munka biya wurin mai fotokofi anka yi uku. Ɗaya tana wurin ubanta, ɗaya wurin kawunta a wani gari, ɗaya anka kai ma liman. Mai hatimin ta naɗe cikin leda, ta sa cikin gwangwani mai marfi, ta rataye nesa da ƙasa. Liman ya sa anka karanta masa gaban dattawa, ƙanen tsohon mijin yana zaune. Bai ce uffan ba. An ɗaura auren ranar Juma'ar da ta biyo.

Wanda ke da tambaya bisa wanga zance, shi kai ta wurin malamin yaƙi da jahilci na garinsu, za ta iso gare ni. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba takardar haihuwar yaron da iyayensa sunka rabu tun ba a yi masa ita ba.